Yadda Muka Rina Furfurar Balbela

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in ɗauki biro. Tun bara tsofaffin direbobi da muke haɗuwa wajen tantance 'yan fansho suke matsa mini in rubuta wannan labari saboda yaran da ke tuƙi yanzu, ni kuwa ina ta juya abin a raina. Idan fa na rubuta wani ya ji haushi? Idan fa na manta wani wuri na faɗi ba daidai ba, aka ce tsoho ya shara ƙarya? Ga shi karatuna bai wuce firamare ba. Sai da na hau mota na je Malumfashi na sami Maman Istifanus, wadda abin ya fi shafa, na nemi izininta. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ɗanjuma, har yanzu kana nan da idan-fa ɗinka? Je ka rubuta. Amma ka faɗi gaskiya a kan wanda ya ƙarasa aikin." To, da izininta nake rubutawa.

Cikin duk shekarun da na yi ina riƙe da sitiyari, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata Asabar a ƙarshen damina, cikin shekarun tamanin, kafin a yanke mana jihar Katsina. A lokacin ni direba ne mai daraja ta biyu a wani ofishin aikin gona da ke Funtua. Ga wanda bai sani ba, direbobin ofis hawa-hawa ne. Akwai babban direba, shi ke raba aiki. Akwai mai daraja ta ɗaya, shi ke tuƙa manya. Mu na biyu mu ne 'yan shiga ƙauye. An haɗa ni da Malam Ishaku, babban malamin gona mai kula da ɓangaren Malumfashi, mijin Maman Istifanus ɗin nan. Aikinsa koya wa manoma shukar auduga da feshin magani, aikina in kai shi in dawo da shi. Abokan aiki kuwa ba sa kirana da sunana. Idan-fa suke ce mini, wai don ba na fita tafiya sai na lissafa duk abin da zai iya faruwa a hanya.

Motar da aka damƙa mini fara ce mai dogon baya, muna kiranta Balbela. Injinta lafiya lau, ko tari ba ta yi. Matsalarta ɗaya. Motocin da suka fara shigowa a shekarun nan an rage musu ƙarfe an ƙara musu roba: ragar gaba, da bamba, da gidan madubi, da wani dogon layi da ke bin gefen ƙofofi. Duk baƙi ƙirin suke zuwa. Amma ranar ƙasarmu ba ta raga wa roba. Ta Balbela ta koɗe ta koma ruwan toka, wani wurin har fari-fari, kamar kan dattijo. Mu direbobi mukan shafa mata man gyaɗa ta yi sheƙi da safe, kafin azahar ƙasar hanya ta manne ta koma ja.

Ana nan sai babban direba ya tara mu ya ce ranar Litinin Alhaji Injiniya zai zo daga hedkwata duba motoci. Bari in yi bayanin wannan. Duk motar da Injiniya ya ce ta gaji, akan janye ta a kai yadi a jira ranar gwanjo. Direbanta kuma sai ya koma zama a kan wani benci da ke ƙarƙashin dalbejiya a bakin ofis, yana jiran a sami wata mota. A shekarun nan ba a sayen sababbin motoci, ana kuma ta rage ma'aikata, kuma kowa ya san in an tashi ragewa daga kan bencin nan ake farawa. Ni ga iyali, ga tsohuwa a gida. Tun da na ji sanarwar abinci ya daina yi mini daɗi.

A hanyarmu ta dawowa daga Dayi na kasa haƙuri na ce, "Ranka ya daɗe, idan fa Injiniya ya dubi robar nan ya ce motar ta tsufa?"

Malam Ishaku ya ce, "To a yi mata fenti mana."

Na ce, "Ai ba a kai motar ofis gun mai fentin waje sai da takardar izini, takardar kuma ba za ta fito kafin Litinin ba."

Ya ce, "Wa ya ce maka waje? A gidana za mu yi. Ɗanjuma, fenti feshi ne ko ba feshi ba ne?"

Na ce, "Feshi ne."

"A duk faɗin ƙasar nan, daga Maska har Dayi, wa ya koya wa mutane feshi?"

Na ce, "Kai ne, ranka ya daɗe."

"To rufe bakinka ka duba hanya."

A gidansa da ke Malumfashi motar ke kwana ƙarshen mako, ni kuma ina da ɗaki a unguwar. Ranar Asabar tun da sassafe na iso. Na wanke Balbela tas. Daga nan na shiga rufe ta, domin abin da na fi tsoro shi ne ɗigon baƙin fenti ya taɓa farin jikinta. Na sami tsofaffin jaridu da takardun buhun siminti da salatif, na rufe gilasai, na rufe fitilu, na rufe ƙofofi da rufin sama, na rufe lamba, har tayoyi na ɗaura musu buhu. Ba abin da ya rage a waje sai robar. Malam Ishaku ya fito ya zagaya ta ya ce, "Kai, ko amarya ba a lulluɓe ta haka."

Sai ya shiga ya fito da injin feshin auduga. Yaran yanzu ba lallai su san shi ba. Doguwar sanda ce da ake cusa wa batiran tocila a ciki, a kanta akwai ɗan faifai mai juyawa da sauri, da kwalba a kife wadda magani ke ɗigowa daga ciki. Faifan shi ke warwatsa maganin ya zama kamar hayaƙi. Mai feshi ba ya nufin ganye kai tsaye. Yana tafiya ne a gefe, iska ce ke ɗaukar maganin ta shimfiɗa shi a kan kunyoyin auduga. Saboda haka dokar farko da Malam Ishaku ke koya wa manoma ita ce, in babu iska babu feshi. Na ji wannan magana a bakinsa a kowane ƙauye har na haddace ta kamar karatun allo.

Muka tsinka baƙin fenti da tina, wato ruwan sirka fenti, har ya yi ruwa-ruwa, muka ɗura a kwalbar. Malam Ishaku ya ɗaura hankici a hanci, ya sa doguwar rigarsa ta feshi. Sannan ya duƙa ya ɗebi ƙasa ya saki. Ƙasar ta zubo tsaye a kan takalminsa. Garin tsit, ko ganye ba ya motsi.

Ya ce, "Babu iska."

Na ce, "Babu, ranka ya daɗe."

Ya ce, "To sai mu jira."

Muka jawo kujeru muka zauna a inuwa. Yau in na ba masu fentin mota wannan labari, a nan suke fara riƙe ciki, domin su safiya irin wannan suke roƙon Allah ya ba su. Mu kuwa muka zauna muna kallon sama muna tsaki. Ni da ake cewa ba abin da ke wuce ni, na tambayi ko batiran sababbi ne, na tambayi ko kaji za su sha tina, na tambayi ko salatif zai ɓare fentin ƙofa. Maganar iska kaɗai ce ban tambaya ba, don a wajena doka ce.

Akwai kuma abin da duk mu biyun muka gani amma bai shiga kanmu ba. Maman Istifanus ita ce shugabar matan zumunta na cocinsu, kuma washegari Lahadi suna da babban taro, baƙi za su zo daga ƙauyuka. Al'adarsu in irin wannan taro ya zo, sai a tattara fararen ɗankwalayen ƙungiya gaba ɗaya a kawo gidan shugaba, a wanke su tare, a sa bula da sitaci, don kada na wata ya fi na wata haske. Tun da safe ta wanke su ta shanya a igiya a bayan zanar da ta raba tsakar gida da inda muke, ta tafi kasuwa.

Wajen hantsi iska ta taso, mai daɗi, irin wadda manomin auduga ke so. Malam Ishaku ya sake sakin ƙasa, ya ga inda ta nufa, ya ce, "Yauwa! Ɗanjuma, koma bayana. Kullum ka ba iska baya." Ya kunna inji, faifai ya ɗauki kuka kamar sauro. Ya ɗaga sandar daidai ƙugu, ya fara takawa a gefen mota, taku ɗaya-ɗaya, kansa a miƙe, kamar yadda yake yi a gaban manoma. Ya kai ƙarshe ya juyo. Ya sake zuwa ya sake dawowa.

Na leƙa bamba na ce, "Ranka ya daɗe, kamar bai kama ba."

Ya ce, "Haka yake. Maganin kirki ba a ganinsa a ganye. Ƙaro kwalba."

Na ƙaro. Muka yi ta yi har fentin ya kusa ƙarewa. Robar nan dai ga ta nan jiya i yau, sai ɗan ɗigo-ɗigo da ya taru a kanta ya ƙi bajewa. Ina tsugune ina tunanin ina fentin yake tafiya, sai muka ji an ajiye kwando da ƙarfi a bayan zana.

"Baban Istifanus!"

Muryar Maman Istifanus ce, ta dawo daga kasuwa. Malam Ishaku ya kashe inji.

"Baban Istifanus, zo. Kai ma Ɗanjuma zo, kada ka ɓuya a bayan mota, ina ganin ƙafafunka."

Muka zagaya. Jama'a, fentin bai ɓata ba. Yana nan gaba ɗayansa a kan ɗankwalayen matan zumunta. Kuma in faɗi gaskiya, aikin ya yi kyau. Ɗigo ƙanana, daidai wa daida, daga farkon igiya har ƙarshenta, babu wanda ya fi wani samu. Kowane ɗankwali ya koma kamar bayan zabuwa. Har wani farin zakara da ke kiwo a wurin ya sami rabonsa.

Malam Ishaku ya dubi igiyar, malamin gona ya motsa a cikinsa, ya ce a hankali, "Kin ga yadda ya bazu kuwa? Ko'ina ya samu."

Ta ce, "Na gani. Tsutsa ba za ta ci mu ba bana. Gobe sai ka zo coci ka tsaya a gaba ka yi wa mata bayani, tunda bayani ne aikinka."

Na ce, "Mama, a yi haƙuri. Idan fa aka gwada kananzir?"

Ta gwada a kan nata. Ɗigon ya narke ya zama shafe-shafe kamar an goge tukunya da shi. Ta ɗaga shi ta nuna mini. Na gwammace da ta zage ni.

Sai da ta huce ta tambayi abin da ya kai mu ga wannan aiki. Na gaya mata maganar Injiniya da bencin dalbejiya. Ta zo ta shafa bamba da yatsa, ta duba yatsan.

"Me kuke shafa wa abin nan?"

Na ce, "Man gyaɗa."

Ta ce, "Ka taɓa ganin lalle ya kama a hannu mai maiƙo? Kawo toka da soso."

Muka dirje robar nan da toka da sabulu har hannuna ya yi ja, ita ta ɗauki ragar gaba, ni na ɗauki sauran. Muka bi da samfefa mai laushi, wato takardar gogewa, muka ɗauraye, muka bari ta bushe. Ta ce a tura motar cikin rumfa inda iska ba ta shiga. Ta shiga ɗaki ta fito da famfon feshin sauro, irin na gwangwani da ake turawa da hannu, ta wanke shi, ta juye ragowar fentin a ciki. Ta tsaya kusa da robar kamar taƙi ɗaya, tana fesawa sama-sama tana wucewa, in ya sha iska ta sake bi. Malam Ishaku yana tsaye a baya yana cewa, "Kin matsa da yawa. Ba haka ake riƙewa ba." Ta ce, "Je ka jira iska." Kafin la'asar Balbela ta koma yarinya. Da na ɓare takardun, fari fat, baƙi ƙirin, har na ji ƙwalla ta zo mini.

Ranar Litinin muka jera motoci a filin ofis a Funtua, kowane direba a tsaye gefen tasa. Malam Ishaku yana ciki wajen taron malaman gona. Alhaji Injiniya dattijo ne gajere, ba ya yawan magana. Yadda yake dubawa shi ne, a tayar da mota, ya ɗora bakin sukundireba a kan inji ya kara ƙotar a kunne, ya zagaya ya dubi hayaƙi, ya taka birki, ya leƙa ƙasa. Ina kallo ya wuce wata mota da aka ɗaure ƙofarta da waya, ya ce lafiyarta lau. Ya wuce wata da robarta ta fi ta Balbela koɗewa, ko kallon robar bai yi ba.

Da ya iso kaina bai ce a tayar ba. Ya tsaya, ya ja hanci. Ya matsa kusa da bamba ya sake ja.

"Wane ne direban wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Wa ka buge?"

A nan ma sai na yi bayani. A aikinmu, direba ya yi haɗari ya kawo rahoto, laifi ne mai sauƙi. Amma ya yi haɗari ya gyara a ɓoye, wannan kora ce nan take, ko bencin ba za ka gani ba. Kuma babbar alamar da masu duba motoci ke nema ita ce sabon fenti a tsohuwar mota. Ni da hannuna na kai kaina inda ya fi bencin muni.

Na ce, "Wallahi ban bugi kowa ba. Furfura ce, wato robar ce ta koɗe. Sai ni da Malam Ishaku muka ɗauko injin feshin auduga, to babu iska, sai muka jira..."

Direbobi suka fara sunkuyar da kai suna danne dariya. Alhaji Injiniya ya ce, "Na tsufa a aikin nan. An ce mini jaki ne ya gifta, an ce mini bishiya ce ta matso. Yau na fara jin an ɗora wa auduga. Kana da shaida?"

Na waiga neman Malam Ishaku, sai na tuna yana ciki. Sai ga Malama Saratu, mai buga mana tafireta, ta fito daga ofis za ta wuce. 'Yar Malumfashi ce, can take ƙarshen mako, kuma tana cikin matan zumunta. Ashe da gangan ta ɗauro ɗankwalinta na jiya don ta tsokani Malam Ishaku. Ta ji abin da ake ciki, ta karkato.

Ta ce, "Baba Alhaji, ina kwana. Shaida kake nema? Ga ta a kaina." Ta miƙa masa bakin ɗankwalin. "Sansana."

Ya sansana. Ya dubi ɗigon, ya dubi bamba.

Ta ce, "Mu duka haka muka shiga coci jiya, kamar garken zabi. Shugaba ta ce tunda kowa ya samu daidai, ai ya zama anko. Matan Dayi har suna tambaya a wace kasuwa muka sayi yadin. Muka ce ba a sayarwa, sai in mijinki na aikin gona."

Filin ya ɓarke da dariya. Alhaji Injiniya bai yi ba tukuna. Ya kwanta a ƙasa da farar rigarsa, ya zura hannu ta bayan bamba ya shafa daga wannan gefe zuwa wancan. Ya fito da makulli ya ɗan karci fentin ta ƙasa a ɓangaren hagu, tsohuwar robar mai ruwan toka ta leƙo, lafiyayya. Ya tashi ya kaɗe jiki ya ce, "Ƙarfe ake bugawa a miƙar da shi a rufe da fenti. Roba in ta daku tsagewa take yi, ba ta iya rufa wa kowa asiri. Tayar da ita."

Na tayar. Ya kara sukundireba a kunne, ya daɗe yana saurare, har ya lumshe ido. Sannan ya cire hularsa. Kansa fari fat, babu baƙi ko ɗaya.

Ya ce, "Ɗanjuma, dubi nan. A kai ni gwanjo?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe."

"Ko a kira Malam Ishaku ya jira iska?"

Ya mayar da hularsa ya wuce mota ta gaba, kafaɗunsa suna rawa. Balbela ta tsira, ni ma ban taɓa zama a bencin nan ba har na yi ritaya.

Abin da na koya, wanda nake so yaran da ke tuƙi su riƙe, shi ne masanin mota da kunne yake dubawa. Ka kula da mai da ruwa da birki, ka bar furfura a inda Allah ya sa ta, domin a aikinmu tsohuwar mota mai tsohuwar fuska ba ta da abin tuhuma. In kuma dole sai ka fesa wa roba fenti a gida, ka wanke maiƙo, ka shiga rumfa, ka leƙa bayan zana. Na kuma gane cewa kowane gwani da dokar sana'arsa yake yawo, ko'ina ya je ita zai shimfiɗa, mai yawan fargaba irina kuma yakan tsare ƙofofi duka ya bar wadda kowa ya yarda da ita a buɗe.

Saura roƙona ga masu karatu. Bayan an yi mini canjin wurin aiki, na ji an yi gwanjon Balbela, wani kuma ya ce mini ya taɓa ganinta tana ɗaukar tumatir a wajen Maska. Duk wanda ya san inda ta ƙare, ko a hannun wani take ko a wajen masu kayan gwangwan, don Allah ya aiko mini da saƙo ta hannun tsofaffin direbobin Funtua, kowa ya san Idan-fa. Alamarta karcin makulli a ƙasan bamba ta hagu. Abin da nake so a duba mini shi ne ragar gaba, ko fentinta yana nan. Na gefen ƙofofi, wanda ni na dirje, ya fara ɓarewa tun bazarar da ta biyo baya, amma na ragar har na bar motar bai motsa ba. Malam Ishaku, da tsufansa, yana nan a kan cewa shimfiɗar farko da injinsa ya yi ita ta riƙe shi. Maman Istifanus ta ce toka ce. Duk sanda na je gaishe su sai sun sa ni a tsakiya, ni kuma idan fa na goyi bayan ɗaya?